Na san allurar ta yi yawa, amma na yi ta: me ya sa na kasa ce wa likita a'a?

Mai neman shawara (an sakaya sunanta):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ni nas ce, shekarata biyu da fara aiki a wani asibitin kuɗi. Sati uku da suka wuce ina aikin dare ni kaɗai a ɗakin yara, aka kawo yaro ɗan shekara uku yana jijjiga. Na kira babban likitanmu a waya, ya faɗi allurar da zan yi da adadinta. Ina ji gabana ya faɗi, don adadin ya kusa ninka abin da na sani ana ba yaro mai wannan nauyin. Na ce, "Ranka ya daɗe, kilo 12 ne fa yaron." Ya ce, "Ke ce likitan ko ni? Yi abin da na ce." Ya kashe wayar.

Wallahi hannuna rawa yake lokacin da nake zuƙo maganin. Zuciyata tana ce mini kar ki yi, amma na yi. Ba a jima ba numfashin yaron ya yi ƙasa, muka sa masa iskar oksijin, na tsaya a kansa har asuba ina kuka a ɓoye. Allah Ya taimaka ya farfaɗo, an ma sallame shi. Da safe likitan ya duba folda ya ce shi bai faɗi wannan adadin ba. Sa hannuna ne kaɗai a takardar.

Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ba maganar likitan ce ta fi damuna ba, ni ce. A gida an san ni da tsayawa kan gaskiya, ko yayyena maza ba sa taka ni. To me ya kama ni a daren nan? Na sani, na ma faɗa da bakina, sannan na aikata. Ko dai ban dace da aikin nan ba ne, in ajiye? Kuma in sanar da metron, wato shugabar nas-nas ɗinmu, ko in yi shiru tunda yaron ya tashi?

Wata uwa mai 'ya'ya huɗu:

Baiwar Allah, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Da ɗana ne, ba zan saurari zancen "likita ne ya ce" ba. Ke kika riƙe sirinji. Mu da muke kawo muku yaranmu ba mu san kilo ba, ba mu san adadi ba, ku muka dogara da ku bayan Allah.

Wani ɗan kasuwa:

Ni ban ga laifinta ba. Bin na gaba bin Allah ne. Ya fi ta karatu, shi ya ba da umarni, alhakin yana wuyansa.

Malamin jami'a, ɓangaren nazarin halayyar ɗan Adam:

Ƙanwata, sannu da wannan dare. Tambayarki ta "me ya kama ni" an shafe sama da shekara 60 ana bincike a kanta, don haka bari in ɗan tsawaita.

A 1961 wani masani Ba'amurke, Stanley Milgram, ya shirya gwaji a Jami'ar Yale. A shekarar ne ake shari'ar Adolf Eichmann a Urushalima, jami'in Nazi da ya tsara jigilar Yahudawa zuwa sansanonin kisa, wanda ya kare kansa da cewa umarni ya bi. Milgram ya so ya ga iyakar inda mutumin kirki zai kai in an ce masa yi. Ya ba da talla a jarida, maza 40 suka zo, masu shekara 20 zuwa 50, akwai malaman makaranta, ma'aikatan gidan waya, leburori. Aka ce musu bincike ne kan yadda horo ke taimaka wa hadda. Kowanne aka zaunar da shi gaban na'ura mai makunni 30 na sakin wutar lantarki, ƙarfinta daga bolt 15 har bolt 450. A ɗaya ɗakin an ɗaure wani mutum a kujera, duk amsar da ya kuskure a danna masa lantarki, kuma kowane kuskure a ƙara bolt 15. Babu lantarkin gaske, mutumin ɗan wasa ne, amma mai dannawa ba a gaya masa ba. A bolt 300 sai ya ji ana dukan bango, daga baya kuma tsit. In ya yi turus, wani mutum mai rigar ɗakin gwaji da ke zaune kusa zai ce masa a natse, ci gaba.

An tambayi likitocin ƙwaƙwalwa su yi hasashe, suka ce da ƙyar a sami mutum ɗaya cikin dubu da zai kai ƙarshe. Mutum 26 cikin 40 suka kai bolt 450, kashi 65 cikin 100 ke nan. Ga abin da nake so ki riƙe: ba cikin jin daɗi suka yi ba. Gumi suke, jiki na ɓari, suna cizon leɓe, suna cewa a duba mutumin nan, hannunsu kuma yana kan makunni. Rawar hannun da kika yi ke nan.

Abubuwan da suka taru a kansu sun taru a kanki. Da mutum ya yarda cewa wanda ke gabansa yana da hurumin ba da umarni, sai ya fara ɗaukar kansa a matsayin hannun wani. Tambayar da ke ransa ta tashi daga "daidai ne kuwa?" ta koma "na yi yadda aka ce kuwa?" Da yawa a gwajin sun tambayi wa zai ɗauki alhaki, da mai rigar ya ce shi ne, suka ci gaba. Sannan ba a fara da bolt 450 ba. Wanda ya danna 15 me zai hana shi 30? Ke ma ba a daren kika fara ba. Shekara biyu kina karɓar umarninsa ta waya, sau ɗari yana fitowa daidai, har jiki ya saba da "to" kafin ƙwaƙwalwa ta gama lissafi. Ga gaggawa, yaro yana jijjiga, babu minti biyar na tunani. Ga kuma nauyin ce wa babba a fuskarsa ka yi kuskure. Mutane suna raina wannan na ƙarshen, alhali yana da ƙarfi ƙwarai: kunyar minti ɗaya da ke gabanka takan rufe maka ido daga cutar da ba ta iso ba tukuna.

Amma abin da ya fi komai amfani a wurinki shi ne lokacin da Milgram ya riƙa sauya yanayin. Da ya haɗa mai dannawa da abokan aiki biyu da suka tsaya suka ce ba za su ci gaba ba, mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Da aka sa masu ba da umarni biyu suka saɓa wa juna, kowa ya tsaya. Mutanen iri ɗaya ne, daga yanki ɗaya, abin da ke kewaye da su ne ya canza. Ke kaɗai ce a ɗakin nan da tsakar dare. Ina da yaƙinin da akwai wata nas a gefenki da ta ce "kai, wannan ya yi yawa", da labarin da kika kawo mana daban ne.

Mai neman shawara:

Malam na gode, Allah Ya ƙara ilimi. Maganar "to" kafin lissafi gaskiya ce, sai da na karanta ta sau uku. Amma ina tsoron kar in mai da wannan bayanin mafaka. Maman nan ta sama ba ƙarya ta yi ba.

Malamin jami'a:

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ban kawo shi don wanke ki ba. A gwajin farkon nan mutum 14 sun ƙi, alhali ɗaki ɗaya ne, mai riga ɗaya ne. Sanin abin da ya ja ki shi zai nuna miki inda za ki kafa ƙafa nan gaba.

Wani malamin Islamiyya:

Ɗan uwa mai cewa bin na gaba bin Allah ne, karin maganar tana da iyaka, kuma addini ne ya yanka mata iyakar. Ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Sayyidina Aliyu cewa Annabi (SAW) ya tura wata runduna ya naɗa musu shugaba, ya ce su yi masa biyayya. A hanya shugaban ya yi fushi da su, ya sa suka tara itace suka hura wuta, ya ce su shiga. Sai suka tsaya suna kallon juna, suka ce ai gudun wuta muka bi Annabi. Suna haka har wutar ta mutu, fushinsa ya huce. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) ya ce da sun shige ta da ba za su fito ba, biyayya a cikin abin da yake daidai ne kawai. Sayyidina Abubakar ma ranar da aka yi masa mubaya'a ya ce a bi shi muddin yana bin Allah da ManzonSa, in ya saɓa babu biyayyarsa a kan kowa.

Ku lura da wurin nan na kallon juna, ya yi daidai da abin da Malam ya kawo. Ko sahabbai sai da suka dubi fuskar 'yan uwansu kafin ƙafarsu ta tsaya.

'Yata, ki yi istigfari, ki gode wa Allah da Ya raya yaron. Damuwar da ta hana ki barci alama ce ta zuciya mai rai. Amma shiru ba zai halatta ba in akwai yiwuwar abin ya sake faruwa da ɗan wani.

Ɗan kasuwan:

Allah Ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Amma fa a yi adalci, mu ma haka aka rene mu. Yaro ya ɗaga ido ya kalli babba ma rashin kunya ne, balle ya ce masa ba haka ba ne. Shekara ashirin ana koya wa yarinya sunkuyar da kai, rana ɗaya a ce ta ja da likita?

Wani ma'aikacin banki:

Duk wannan nazarin na ji, amma ba wanda ya ambaci albashi. Mutanen Milgram dala huɗu da 'yan canji aka ba su, kuma an ce kuɗin nasu ne ko sun tsaya. Ita kuwa wanda ya daka mata tsawa yana iya sa a kore ta gobe, ga ƙanne ga iyaye. Mu daina mai da komai matsalar ƙwaƙwalwa. Wani lokaci tsoron yunwa ne kawai, kuma tsoro ne mai dalili.

Tsohuwar metron, ta yi ritaya:

'Yata, na yi shekara 33 a aikin nan, don haka ki saurare ni da kyau. Kar ki ajiye aiki. Nas ɗin da ke ba ni tsoro ita ce wadda za ta zuƙo maganin nan hannunta bai ko motsa ba, don ba ta ma san ya yi yawa ba. Ke kin sani. Ilimin yana nan, abin da ba a koya miki ba shi ne me za ki ce bayan an yi miki tsawa.

Abin da ya same ki an taɓa gwada shi a kan nas-nas. A 1966 wani likita a Amurka, Charles Hofling, ya sa aka kira nas 22 a waya suna bakin aiki. Mai kiran ya ce shi likita ne, alhali ba su san shi ba, ya ce a ba majiyyaci miligiram 20 na wani magani wai shi Astroten, zai zo ya sa hannu daga baya. A jikin kwalin an rubuta ƙarara cewa iyakarsa miligiram 10 a rana, kuma maganin ba ya cikin jerin da asibitin ya amince da su. Maganin na bogi ne, an kuma tare su kafin su kai ga gado. Nas 21 cikin 22 sun ɗauko za su ba da. Da aka tambayi wasu nas-nas da ɗalibai a takarda me za su yi in su ne, kusan duka suka ce ba za su ba da ba. Haka muke dukanmu, a zaune kowa jarumi ne. Shekara 11 bayan nan, a 1977, wasu suka maimaita gwajin da maganin da nas-nas suka sani, Valium, aka kuma bar su su yi shawara da abokan aikinsu. A nan 16 cikin 18 suka ƙi.

To ga abin da za ki yi. Gobe ki sami metron ɗinku, ke da ita, ki gaya mata komai, har da cewa kin san adadin ya yi yawa kika yi. Kar ki ɓoye wannan, shi zai sa ta yarda da sauran maganarki. Ki rubuta rahoto da hannunki: lokacin da kika kira, abin da ya ce, abin da kika ce, abin da ya biyo baya. Ba zagi, ba "ina ganin", abin da ya faru kawai. Wayarki tana riƙe da lokacin kiran, ki ɗauki hotonsa ki adana.

Daga yau duk umarnin waya ki rubuta shi yana magana, ki karanta masa: sunan yaro, nauyinsa, magani, adadi, ta inda za a ba shi. Ki buɗe lasifikar wayar wani ma'aikaci ya ji, ko da na ɗakin haihuwa za ki kira. Sau da yawa da likita ya ji an maimaita masa adadin da nauyin a jere, shi da kansa yake farga, musamman wanda aka tasa daga barci. In ya nace, kar ki tsaya gardamar wa ya fi wa sani, ba za ki ci ba. Ki ce, "Ranka ya daɗe, hankalina bai kwanta da wannan adadin ba, ina tsoron ya taɓa numfashinsa. Zan ba shi abin da littafi ya ce na kilo 12 in ka amince, in kuwa wancan kake so, don Allah ka zo ka duba shi." Ki haddace ta kamar karatun allo, ki faɗe ta a ɗaki ke kaɗai har bakinki ya saba. Da tsakar dare ba a ƙirƙirar magana, wadda ke bakin mutum ita ke fita. Kin ga babu rashin kunya a ciki, kin ba shi girmansa, kin kuma ba shi ƙofar da zai janye ba tare da ya ji kunya ba.

Ɗana na banki, maganarka gaskiya ce, na ga waɗanda aka kora. Amma ka duba inda biyayyar ta kai ta: sa hannunta ne a folda, shi ya ce bai faɗa ba. Da yaron nan ya rasu, ba aikin kaɗai za ta rasa ba, har lasisinta yana cikin haɗari.

Wata ɗalibar digiri na biyu:

Malam, a gafarce ni, ina da ƙari kan Milgram. Waɗanda suka saurari kaset-kaset ɗin gwajin daga baya sun gano cewa wasu mahalarta sun yi shakkar lantarkin na gaske ne, kuma mai rigar yakan matsa fiye da yadda aka rubuta. Sannan cikin jimloli huɗu da aka tsara masa ya riƙa faɗa in mai dannawa ya yi turus, ta ƙarshe ce kaɗai umarni tsantsa, wato ba ka da zaɓi, dole ka ci gaba. Da wani masani, Jerry Burger, ya maimaita gwajin aka buga a 2009, ya tsayar da shi a bolt 150, kashi 70 cikin 100 sun yarda su wuce, amma duk wanda aka kai ga faɗa masa wannan jimlar ta dole, ƙi ya yi. Shi ya sa wasu masana biyu, Alex Haslam da Stephen Reicher, suke ganin ba makauniyar biyayya ba ce. Mutum yana bi ne in ya yarda cewa shi da mai umarnin aikin alheri ɗaya suke yi.

Anti, ina ganin wannan ya shafe ki. Ba don ki cutar da yaro kika yi ba, so kike jijjigar ta tsaya, kuma wani ɓangare na zuciyarki ya ce wataƙila ya san abin da ban sani ba.

Malamin jami'a:

Haka ne ƙanwata, gyaran ya yi. Wannan "wataƙila ya san abin da ban sani ba" shi ne igiyar da ta fi ɗaure masu ilimi, domin galibi gaskiya ne, ya sani ɗin. Ba mai son asibitin da kowace nas za ta yi gardama kan kowace allura. Matuƙan jirgin sama sun sha wannan darasin da tsada. A 1977 a tsibirin Tenerife jirage biyu suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka mutu. Injiniyan da ke cikin ɗayansu, jirgin kamfanin KLM, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ɗin, wanda babba ne mai horar da wasu, ya amsa da ƙarfi cewa e, ba wanda ya sake magana. Bayan irin waɗannan haɗurra ne aka fara horar da na ƙasa yadda zai maimaita damuwarsa, da na sama yadda zai saurara. Abin da Hajiya metron ta koya miki daga can asibitoci suka aro irinsa.

Uwa mai 'ya'ya huɗu:

Na dawo na karanta duka. Baiwar Allah ki yafe mini zafin da na yi, tsoro ne irin na uwa. Amma ina nan kan abu ɗaya: iyayen yaron nan suna da haƙƙin su sani.

Mai neman shawara:

Babu komai Mama, maganarki ce ta hana ni kwanciya a kan uzuri. Jiya na sami metron ɗinmu, na faɗa mata duka, na ba ta rahoton. Ta yi mini faɗa sosai, na kuma cancanta. Daga baya ta ce ba ni ce ta farko da hakan ta faru da ita a aikin dare ba, za ta kai maganar taron ma'aikata don a sa dokar mutum biyu su riƙa jin umarnin waya. Likitan bai ce mini komai ba, gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa. Jimlar Hajiya na rubuta ta a bayan katin aikina, ina maimaita ta a adaidaita sahu in zan tafi.

Saura maganar iyayen. Sun ɗauka ciwon ne ya sa numfashinsa ya yi ƙasa, har uwar ta riƙe hannuna tana sa mini albarka ranar sallama. Ranar Alhamis za su dawo da shi a duba shi. Hajiya, in faɗa musu da kaina?

Tsohuwar metron:

Su sani, amma ba ke kaɗai a baranda ba. Ki koma wurin metron kafin Alhamis ki ce kina so a gaya musu, ita ta tsara zaman, da ita da wani likita da zai duba yaron ya amsa tambayoyinsu, ke kuma kina wurin. A faɗa musu sunan maganin da adadin da aka ba shi, a rubuta a katinsa saboda duk asibitin da za su je nan gaba. In uwar ta yi fushi ki bar ta ta yi, kar ki kare kanki, kar kuma ki ɗora wa wanda ba ya wurin. In metron ta ce a bar maganar, ki dawo nan ki gaya mini kafin ki yi komai.